Sai Bature Ya Yaba Kafin Mu Gani?

A 1991 aka baje hotunan Seydou Keïta a New York, aka rubuta wai ba a san wanda ya ɗauka ba. Mutumin da tun 1948 yake da shagon hoto a Bamako! Turawa sun yi laifi, to mu fa? Malick Sidibé ya sha kwana a wuraren rawa yana ɗaukar samari da 'yan mata, amma yawancinmu ba mu ji sunansa ba sai da aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a Venis a 2007. Yanzu haka a Zinder da Kano, fim ɗin tsofaffin masu hoto yana cikin kwali, gara na ci, muna jiran baƙo ya zo ya yi masa kuɗi.