Agogo da ajiya: kada wahalar yaro ta bi ruwa

A wannan mako filinmu zai duba wata matsala da ke haɗa mai kanti da mai saye rigima, wato ta ƙananan na'urorin wasa na hannu masu kwaikwayon Game Boy. Uba ya saya wa ɗansa, yaro ya share wata guda yana fama, ran nan ya kunna ya tarar babu komi. Sai a ce kaya jabu ne, alhali sau da yawa laifin saiti ne.

Kamfanin Nintendo na ƙasar Japon ya fito da Game Boy a 1989. A cikin kaset ɗin wasa akwai ɗan pil mai kama da kwabo, shi ke riƙe da ajiya. Da Pokémon Gold da Silver suka fito a 1999, an ƙara musu agogo, pil guda yana ciyar da baki biyu. Shi ya sa ya riƙa mutuwa da wuri, ajiya ta bi shi. A Ruby da Sapphire na 2002 sai aka raba musu hanya: ajiya ta koma ƙwaƙwalwar filash mai kilobait 128, wadda ba ruwanta da pil, shi kuwa pil ya zama na agogo kaɗai.

To, manhajar kwaikwayo ba ta da kaset, ba ta da pil, tilas ta ƙaga su. A nan gizo ke saƙa. Tsohuwar VisualBoyAdvance takan ba wasa kilobait 64, rabin abin da yake bukata, ajiya ta ƙi zama. Maganinsa a shiga wurin zaɓi, a sa Flash 128K, a kunna RTC, wato agogo, sannan a share fayil ɗin .sav da ya lalace kafin a soma sabon wasa. In an bar agogo a kashe, ƴaƴan itatuwan da aka shuka cikin wasan ba za su girma ba. Manhajar mGBA kuwa tana gane waɗannan wasanni da kanta.

Sauran gargaɗi biyu. Manhaja daga na'ura take aron lokaci, saboda haka a daidaita kwanan wata tun farko, kuma kada a mai da shi baya, don abubuwan da ke bin agogo sai su tsaya cik. Na biyu, a fita daga wasa ta hanyar da ta dace kafin a kashe na'ura, domin RetroArch takan jira sai an rufe wasa kafin ta rubuta ajiya. A kuma kwafe fayil ɗin .sav a kwamfuta lokaci-lokaci.

Ɗan kasuwa da ya yi wannan saiti kafin ya miƙa kaya ya tsare mutuncinsa da jarinsa. Rigakafi dai ya fi magani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.