Zuwa ga masu kemis, kafin zafi ya kankama



Kun fi kowa sanin cewa mai zazzaɓi shagonku yake fara biyowa kafin asibiti. Daga hunturu har zuwa saukar damina, lokacin ƙura da zafi da kwana a cunkushe, wasu cikin masu zazzaɓin nan sanƙarau ne ya kama su, kuma yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya.

Na babba bai cika ɓuya ba: zazzaɓi farat ɗaya, ciwon kai kamar zai tsage, amai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, haske ya dame shi. Jariri ne abin tsoro, domin wuyansa kan zauna lafiya lau. Sai dai ya ƙi kama nono, ya yi ta tsala kuka ko ya yi laƙwas, maɗigarsa ta kumbura, wani ma jikinsa sanyi zai yi. Ku tambayi uwar ko ya yi jijjiga, ku taɓa maɗigar da hannunku. Tsoho kuwa rikicewa yake yi da sambatu, 'yan gida su ce tsufa ne. Masu sikila, masu ƙanjamau, yaron da kunnensa ke zubar da mugunya, almajirai da ɗaliban makarantun kwana, duk ku sa musu ido sosai.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne gwajin maleriya. Ko ya nuna akwai, bai wanke yaro daga sanƙarau ba, don yana iya ɗaukar biyun lokaci guda. Kafso biyu-uku da za ku ƙulla masa ba za su kashe ƙwayar ba, sai dai su ɓoye ta daga gwaji. Ku tura shi asibiti a take, ko da cinikin ranar zai ragu.

Idan uba ya ce ai an yi wa yaron rigakafi, kada ku saki jiki. Allurar MenAfriVac daga nau'in A na ƙwayar kaɗai take karewa, nau'in C ne ya kashe sama da mutum dubu a 2017, galibi a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Allurar Men5CV mai karewa daga nau'i biyar sai a 2024 Najeriya ta fara amfani da ita.

Sannan ku taimaka da baki. Iyaye da yawa na gudun a ɗebi ruwan ƙashin baya, wai yana shanye ƙafa. Ku faɗa musu ɗan kaɗan ake ɗiba, jiki kuma yana mayar da shi, da shi ne likita ke gane ƙwayar da maganin da ya dace da ita. Bayan an sallamo yaron, ku ce a kai shi a duba jinsa, domin sanƙarau na barin kurumta.