Ina Gonar Babanmu a Finafinanmu?

'Yan'uwa ɗalibai, ku tambayi dattawan Kazaure ko Babura fim ɗin Indiyan da ya fi tsaya musu a rai, da wuya ba ku ji an ambaci Mother India ba. A 1957 aka yi shi. Nargis ce ta fito a Radha, matar manomi. Surukarta ta ci bashin rupi 500 don hidimar biki, mai bashin kuma ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gonar duk kaka. Dutse ya danne hannayen mijin, kunya ta sa ya bar gida, Radha ta ja garma da kanta ta ciyar da yara. Daga ƙarshe ta harbe ɗanta Birju da ya zama ɗan fashi. Mun daɗe muna gardama a kulob kan wannan harbin, har yau ba mu daidaita ba.

Abin da ya dame mu shi ne, fim ɗin wata ƙasa ya fi namu sanin cikin gidanmu. Wane ne a Roni ko Gwiwa bai san wanda ya ci bashi da damina ya biya da buhun gero da kaka ba? Wane ne bai san uwar da ke riƙe da gida tun daga rani, maigida ya tafi ci-rani? Amma tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, yawancin finafinan Hausa sun fi son gidan bene da mota. In an nuno manomi, to baƙauye ne da za a yi wa dariya. Mu ma muna dariyar, alhali gyaɗarsa da riɗinsa ne suka saya mana littafi. Har akwai waɗanda a cikinmu ke jin nauyin faɗin sana'ar mahaifinsu.

Ba wai ba a taɓa yi ba ne. Gidan talabijin na NTA Jos ya yi Cock Crow at Dawn a kan noma da iyali, marigayi Kasimu Yero na ciki, jama'a kuma suka so shi.

Muna roƙon malamanmu su ware mana yammacin Asabar ɗaya a wata mu kalli irin waɗannan, sannan mu tattauna. 'Yan kulob ɗin wasan kwaikwayo kuma, wasanku na ƙarshen zangon nan ku kai shi gona. Fartanya da malafa za mu aro muku.