Wa Ya Mallaki Ƙasar da Ruwa Ya Bari?

Idan Bahaushen tudu ya ce "dukiya", abin da ya fara zuwa ransa shi ne gona da gida da rumbu, watau abubuwan da za a kwana a tashi a tarar da su inda aka bar su. Gonar da kakansa ya sare tana nan, gambar da aka shaida iyakarta da ita ma tana nan. Wannan ma'ana ta dukiya ita ce hukumomi suka ɗauka suka tafi da ita tsibiran Tafkin Cadi, ita ce kuma ta sa yawancin shirye-shiryen da aka yi wa mutanen wurin suka zo musu a karkace. Ƙauyen Darak ya isa misali.

Darak tsibiri ne a ɓangaren kudu na tafkin, kuma janyewar ruwa ce ta raya shi. A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Da farin 1972 zuwa 1974 ya auku, na 1984 ya biyo baya, sai tafkin ya tsuke har bai kai 2,000 ba, ya kuma rabu gida biyu, na arewa da na kudu. Masunta suka bi ruwan inda ya nufa: Barebari da Hausawa da Kotoko da Jukunawa, har da mutanen Mali, suka tarar da Buduma waɗanda tun asali su ne 'yan tsibiri masu kiwon shanun Kuri. Duk inda tudu ya ɓullo aka kafa bukka, bukka ta zama tunga, tunga ta zama ƙauye mai kasuwa. Harshen cinikin kuwa galibi Hausa ne, abin da ya kamata masu nazarin yaɗuwar harshen su ba shi kulawa fiye da yadda suka yi.

To, mene ne dukiya a irin wannan wuri? Gida dai na zana da kara ne, domin ba mai hankalin da zai zuba kuɗinsa a ginin da ambaliyar baɗi za ta iya cinyewa. Gona kuwa aro ce daga ruwa. Kogin Shari da Logon su ne ke kawo kusan kashi tara cikin goma na ruwan tafkin, kuma cikar ba ta isowa sai bayan damina ta wuce, wajen ƙarshen shekara. Sa'ad da ruwan ya fara ja da baya, sai a bi danshin da ya bari a shuka masara da wake da kuɓewa, ba taki, ba ban-ruwa. Fegin da aka noma bana, baɗi yana iya zama wurin kafa dumba, watau jerin gurar kamun kifi da ake tare mashigar ruwa da shi. Saboda haka bulama ba ya raba ƙasa rabon gado; izinin aikin shekara yake bayarwa, a ba shi nasa kason idan an girbe ko an kama. Ainihin abin da mutum ya mallaka shi ne kwale-kwalensa da injinsa da kallinsa da ƙugiyoyinsa, sai kuma amincin da ke tsakaninsa da dillalin da ke ba shi bashin kayan su, ya biya da banda.

Amma duk waɗannan ba su da daraja sai da hanya. Tarwaɗa da karfasa da aka ƙyafe ba su zama kuɗi sai sun fita daga tsibiri. A zamanin da kasuwar Doron Baga take ci sosai, daga nan ake ɗora kwalayen banda a mota zuwa Maiduguri, tafiyar kimanin kilomita 200, daga can su gangara har Anaca da Enugu. A jirgin da ya fitar da kifi ake shigo da gishiri da sabulu da man inji da magani, a cikinsa kuma ake ɗaukar mai naƙudar da haihuwa ta gardama mata. Ranar da ciyawa ta toshe mashiga, ko hukuma ta hana wucewa, ranar talauci ya sauka a gidan da ke cike da kifi.

Hukuma ba ta taɓa duban abin ta wannan fuska ba. Da farko ta zo da siminti. An kashe kuɗi masu yawa wajen gina Shirin Noman Rani na Kudancin Cadi a yankin Marte cikin shekarun 1970, ba a daɗe da buɗe shi ba ruwan ya gudu ya bar magudanar a bushe. Sa'an nan ta zo da taswira. Nijeriya ta riƙe Darak da ƙauyukan kewaye tana gudanar da su daga Jihar Borno, Kamaru ta kai ƙara, Kotun Duniya da ke Hag ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002 bisa yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1919 da 1931. A Disamba 2003 aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka fiye da talatin. Ta fuskar shari'a hukuncin ba shi da aibu, ya kuma kawar da yaƙi. Sai dai layin da aka bi an ja shi ne a bisa ruwa, tun ba a san za a yi ƙauye a wurin ba. Masuncin da bai gusa daga bukkarsa ba ya wayi gari baƙo, ana tambayarsa takardar zama.

Daga baya hukuma ta zo da dokar hana zirga-zirga. Bayan harin Boko Haram a Baga cikin Janairu 2015 da na tsibirin Karamga cikin Afrilu, gwamnatin Nijar ta umarci mazauna tsibiranta su fice, dubban mutane suka taka da ƙafa zuwa Gigimi cikin zafin bazara. Aka kuma hana su da cinikin kifi a wurare da dama, wai don a toshe wa mayaƙan hanyar samun kuɗi. Ba wanda zai raina uzurin sojan da ake kashe masa 'yan'uwa, ko a Darak ma an yi mummunan hari a Yuni 2019. Amma a duba abin da ya biyo baya. Masunci ba shi da wata sana'a, ga iyali. Da hukuma ta rufe masa ruwa, masu bindiga suka buɗe masa, suka sa masa haraji, suka ba shi izinin su. Aikin da bulama yake yi a da, su suka gaje shi. Ashe dokar da aka kafa don ta talauta su, ita ce ta kai musu masu biyan haraji.

Shi ya sa maganar mayar da mutane garuruwansu, irin wadda aka fara a Baga cikin 2020, ba za ta cika da gina gidajen bulo a bakin tudu ba. Haka nan mafarkin janyo ruwa daga kogin Kwango ta magudanar da ta haura kilomita dubu biyu, wanda aka sake tayar da shi a taron Abuja na 2018, ba shi ne buƙatar ɗan tsibiri ta yau ba; ruwan ma ya ɗan farfaɗo tun bayan shekarun fari. Hukumar Tafkin Cadi tana nan tun 1964, kuma abin da ya fi dacewa da ita ƙarami ne: takardar shaida guda ɗaya wadda masunci zai nuna a ruwan ƙasashen huɗu, da share mashigun da ciyawa ta cinye, da rakiyar jiragen kasuwa a ranakun da aka sani, da kuma amincewa a rubuce cewa izinin shekara da bulama ya bayar hakki ne da alƙali zai saurara. Aikin ya ƙara wuya tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025, ga shi Cadi da Kamaru dama ba sa cikinta. Jirgin da ya tashi daga Darak da asuba yana iya ratsa ruwan ƙasa biyu ko uku kafin la'asar, a kowane shinge kuma sai mai shi ya buɗe jaka.