Justin Verlander da nasara 300 da ta ƙi matsowa

A kakar 2025, Justin Verlander ya fara wasa 16 a jere a rigar San Francisco Giants ba a rubuta masa nasara ko ɗaya ba. Sai ranar 23 ga Yuli, a birnin Atlanta, Allah ya yi masa ta farko. Mutumin da ya taɓa cin wasa 24 a shekara guda ya kammala kakar da nasara 4 da shan kaye 11, yana ɗan shekara 42. Masu sharhi a Amurka suka dawo da tsohuwar tambayarsu: wai dattijon nan ba zai ajiye ƙwallo ya huta ba?

Ga wanda bai saba kallon besbol ba, mai jifa shi ne ginshiƙin wasan. Yana tsayawa a kan ɗan tudu, mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, ya wurga ƙwallo da gudun da kan haura kilomita 150 a awa, shi kuma mai bugu ya yi ƙoƙarin maka ta da kulki. Wanda ya fara wasa kan yi jifa wajen ɗari, ya huta kwana huɗu, ya sake dawowa. Kafaɗa da gwiwar hannu ne ke ji a jikinsu, shi ya sa ba kowa ke kai shekara 40 a wannan sana'a ba.

Verlander ya kai, har ya wuce. A 2011 yana Detroit Tigers ya haɗa kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa da ta gwarzon ɗan wasan rukuninsa baki ɗaya. Ya sake ɗaukar Cy Young a 2019. A 2020 jijiyar gwiwar hannunsa ta lalace, aka yi masa aiki, bai taka fili ba a 2021, da yawa suka ɗauka shi ke nan. Ya dawo a 2022 yana da shekara 39, ya ci wasa 18, ya karɓi Cy Young ta uku, ya kuma ɗauki kofin gasar karo na biyu da Houston Astros.

Daga nan jiki ya fara magana. A 2024 kafaɗa ta kumbura, wuya ya riƙe, matsakaicin makin da ake ci a kansa a kowane zagaye tara ya haura zuwa 5.48, alhali a 2022 bai wuce 1.75 ba. Da aka zo wasannin sili-ɗaya-ƙwale, Astros ta cire sunansa daga jerin waɗanda za su buga. Ga ɗan wasa irinsa, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne.

Abin da ke riƙe shi a fili kowa ya san shi. Ya sha faɗin cewa yana son ya yi wasa har shekara 45, kuma idonsa na kan nasara 300. Mutum 24 kacal suka taɓa kai wa nan, na ƙarshensu Randy Johnson a 2009. Verlander ya rufe kakar 2025 da 266. Saura 34, a hannun wanda kakar 2024 da ta 2025 suka ba shi tara jimilla.

A nan ne ya kamata a raba magana biyu da mutane ke cakuɗawa. Masu cewa ya yi ritaya saboda 4 da 11 ba su yi masa adalci ba. Matsakaicinsa a 2025 ya sauka zuwa 3.85, ya fara wasa 29, kuma a watannin ƙarshe ya fi samari da yawa iya jifa. Nasara a besbol ba aikin mai jifa kaɗai ba ce: sai ya cika zagaye biyar, sai abokansa sun ci maki sun wuce gaba, sai waɗanda suka canje shi ba su zubar da abin da ya tara ba. A Giants sau da dama ɗaya daga cikin biyun nan na ƙarshe ne ya ci shi.

Amma shi ma Verlander yana bin lissafin wani zamani da ya shuɗe. A 2011 ya jefa zagaye 251. A 2025 ya jefa 152. Yanzu koci kan cire mai jifa da wuri, ya turo masu canji ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ci wasa 20 a 2024 ko a 2025. Paul Skenes na Pittsburgh, wanda a lokacin bai cika shekara 24 ba, ya ɗauki Cy Young a 2025 da nasara 10 da shan kaye 10. Masu zaɓen ma sun daina auna gwaninta da wannan adadi.

Kuma an ga yadda bin lamba ke ƙarewa. Early Wynn ya tsaya a 299 a ƙarshen 1962, Chicago White Sox ta sallame shi, ya zauna ba ƙungiya har Cleveland ta ɗauke shi, ya samu ta 300 a Yulin 1963 da zagaye biyar cif. Adam Wainwright na St. Louis ya sha duka kakar 2023 baki ɗaya, matsakaicinsa 7.40, kafin ya kai nasara 200 a Satumba ya tafi. Magoya baya sun yi ta tafi a daren, amma ƙungiyar ce ta biya kuɗin watannin da suka gabata. Clayton Kershaw kuwa ya yi sallama a 2025 da nasara 223 da kofi a hannu, ba wanda ya ce ya gaza.

Don haka ma'aunin da ya dace da Verlander ɗaya ne: har yanzu yana iya fitar da masu bugu? Muddin amsar e ce, kuma akwai ƙungiyar da za ta biya shi don jifansa ba don sunansa ba, ba mai hurumin korarsa. Amma 300 ɗin ya sauke ta daga ransa. Ko da zai riƙa cin wasa goma a shekara, abin da bai samu ba tun 2023, shekara uku ba za su ishe shi ba, sai ya shiga ta huɗu yana da shekara 46.