Wa Ya Ce Sai Da Gashin Tsuntsu Kibiya Ke Zama Ta Asali?

Masu farauta da kwari da baka a Amurka suna da wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a kan abin da ake liƙa wa gindin kibiya don ta tafi a miƙe: gashin fiffiken tsuntsu ne ya dace, ko 'yan fikafikan roba? Waɗanda muryarsu ta fi tashi su ne 'yan gashi. A wurinsu gashi shi ne asali, shi ne martabar sana'a, roba kuwa kayan ragwaye ne da 'yan kasuwa suka cusa wa mutane. Samarinmu da suka kamu da son baka ta hanyar finafinai irin su Ertugrul sun haɗiye wannan magana ba tauna, har suna ganin kibiyar da ba ta da gashi a gindi wasan yara ce. Ni ban yarda ba.

A fara duba kayan mai kiran kansa ɗan gargajiyar. Bakansa katako ne da aka lulluɓe da faiba a masana'anta. Tsirkiyarsa zaren roba ce. Sandar kibiyarsa sau da yawa ta kabon ce, an yi mata fenti mai kama da itace don ido ya ruɗu. Gashin da yake tinƙaho da shi kuwa na talotalon gona ne, inji ya tsaga shi ya daidaita, aka rina shi ja ko ruwan ɗorawa, aka liƙa da gam ɗin kanti. A cikin wannan tarin kaya, roba inci biyu ce kaɗai ya gano tana ɓata masa al'ada?

Ba ina musun tarihin gashi ba ne. A 1417, shekara biyu bayan 'yan bakan Ingila sun karya dawakin Faransa a Agincourt, Sarki Henry na Biyar ya ba da umarni a cire gashi shida daga fikafikan kowace dinyar gida a kai London. Amma sarkin ba son al'ada ne ya sa shi ba. Yaƙi ne a gabansa, gashin dinya kuma shi ne mafi kyawun abin da zamaninsa ya mallaka. Ita kanta farautar baka ta Amurkawan yau jaririya ce: Saxton Pope ya koyi abin a wajen Ishi, ɗan asalin California da ya rasu a 1916, sannan Pope ya fitar da littafi a kan abin a 1923, sai a 1934 jihar Wisconsin ta fara ware wa 'yan baka lokacin farautarsu.

Gashi yana da wurin da babu mai ja da shi, kuma dalilin na aiki ne. Wanda ke harbi da baka mai sanda ɗaya, kibiyarsa tana gogar jikin bakan ko bayan hannunsa yayin fita. Gashi yakan kwanta ya wuce, ya sake miƙewa. Roba mai tauri kuwa sai ta daki itacen, gindin kibiya ya yi tsalle, harbi ya karkace. Gashi bai kai rabin nauyin roba ba, yana kama iska sosai, saboda haka yana saurin gyara kibiyar da ta fita a karkace. Maharbin da ya ce don wannan ya zaɓi gashi, na sara masa. Irinsa ne ma zai gaya maka ba a haɗa gashin fiffiken dama da na hagu a kibiya ɗaya, domin kowanne da ɓangaren da yake murɗa ta.

To, amma yawancin masu farautar barewa da kibiya a Amurka yau ba da wannan baka suke fita ba. Suna riƙe da bakan nan mai 'yan tayoyi a sama da ƙasa, wanda Holless Wilbur Allen na jihar Missouri ya samu takardar mallakar ƙirarsa a 1969. Irin wannan yana iya jefa kibiya kusan mita 90 a daƙiƙa ɗaya, kuma mazaunin kibiyarsa yakan faɗi ya ba ta hanya da zarar an saki tsirkiya. Babu abin da fiffike zai goga. A nan fa'idar gashi mafi girma ta tafi, aibinsa ya rage.

Aibin kuwa ruwa ne. Mafarauci yakan hau bishiya tun asuba a watan Nuwamba, cikin raɓa da yayyafi, ya yi awanni yana jira. Gashin da ya jiƙe yakan lanƙwashe ya manne da sanda. Ga shi kan kibiyar farauta faffaɗan ƙarfe ne mai kaifin reza, wanda shi ma yana kama iska ta gaba yana neman ya ja ragamar tafiya. Idan abin da ke baya ya yi laushi, na gaba ne zai yi mulki. Sakamakon ba asarar maki ba ce a filin gasa. Dabba ce da aka nufi huhunta aka samu cikinta, ta shige daji da ƙarfe a hanji ta kwana tana mutuwa. Ana barbaɗa wa gashi hoda don ya ƙi ruwa, ana sa masa leda, duk dabaru ne na rufe ɓarakar da roba ba ta da ita tun farko. Wanda ya san za a yi ruwa, ya san bakansa zai karɓi roba, ya nace wa gashi don hotonsa ya yi kyau, ba shi zai biya kuɗin kwalliyar ba.

Sai abin da ya fi ba ni haushi game da samarinmu. Ku je gidan tsohon maharbi, ko wajen Sarkin Baka na garinku, ku roƙi a zazzage muku kwari. Abin da zai zubo siririn kyauro ne, an cusa masa ƙarfen maƙeri mai kunnuwa, an naɗe wuyansa da jijiya, gindinsa an yi masa 'yar tsaga ta shigar tsirkiya. Gashi fa? Babu ko ɗaya. Kibiyar ƙasar Hausa tsirara take tafiya, kuma irinta 'yan bakan Shehu suka riƙe ranar da suka tarwatsa dawakin Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto a 1804. Mutanen San na hamadar Kalahari ma yawanci haka tasu take, alhali Hadza na Tanzaniya suna sa gashi. Ko a Afirka kaɗai babu hanya guda da za a ce ita ce ta kakanni.

Ba rashin wayo ya hana maharbanmu sa gashi ba, ga zabi ga shaho a ko'ina. Ƙarfe mai nauyi a gaba, kyauro marar nauyi a baya: nauyin da ya taru a kai shi ke jan sandar ta bi sahu. Sannan maharbi yakan yi sanɗa har ya kusa, kuma ƙarfensa yana ɗauke da dafin kwankwani, wanda ke tsayar da zuciya. Ba dole ne ya samu huhu ba. Cinya ma ta isa, sai ya bi sawu. Kibiya da dafi da sanɗa abu ɗaya ne, ba a cire guda a bar sauran. Shi ya sa ba zan ce wa Ba'amurke ya cire fikafikansa ba, domin a kusan dukkan jihohinsa doka ta hana dafi, kaifi kaɗai ya dogara da shi. Haka kuma ba zan yi shiru ba idan na ga an liƙa gashin talotalo a gindin kyauro a wajen bikin al'adu ana cewa kayan kakanninmu ne.

Abin dariya, gwanayen baka na zamani idan suna son sanin ko kibiya ta dace da bakansu, sandar da ba ta da fiffike suke harbawa, domin fiffike yana ɓoye kuskure. Wanda ke son raba gardamar gashi da roba a kan nasa bakan, ya ɗaura kan farauta a kibau shida, uku masu gashi uku masu roba, ya tsoma su duka a bokitin ruwa, ya ja baya mita 20 ya harba su ɗaya bayan ɗaya.