Daga Kan Tudun Alƙahira: Katanga Da Rijiya



Da yawanmu da ke zuwa Masar saro kaya, daga masauki sai kasuwar Muski, daga can sai filin jirgi. To, a wannan zuwan dai na ware rabin yini na hau tudun da ke gindin dutsen Muƙaɗɗam, inda ganuwar Salahuddini Al-Ayyubi take, wadda Misirawa ke kira Ƙal'a. In ka tsaya a can sama, birnin Alƙahira gaba ɗaya yana ƙarƙashinka kamar an shimfiɗa tabarma.

A shekarar 1176 Salahuddini ya sa aka fara ginin, ya damƙa aikin a hannun wani amintaccensa mai suna Ƙaraƙush. Shi kansa bai taɓa zama a ciki ba. Ya bar Masar a 1182, ya rasu a Dimashƙa a 1193. Ɗan ɗan'uwansa, Al-Kamil, shi ya fara tarewa. Daga nan aka riƙa mulkin Masar har wajen shekara 700, kafin a koma fadar Abidin a cikin gari.

Baƙi sun fi rububin ɗaukar hoto a masallacin Muhammadu Ali mai manyan ƙubbobi, wanda aka fara a 1830. Ni kuwa labarin rijiya ne ya tsaya mini a rai. Ƙaraƙush ya san cewa in abokan gaba suka kewaye ka a kan tudu, ba sai sun fasa katanga ba, ƙishirwa ma ta ishe ka. Sai ya sa aka sassaƙa dutse har zurfin kusan mita 90. Hawa biyu aka yi ta. Akwai wata hanya da ke zagaye ramin, ta nan ake gangarawa da shanu zuwa tsakiya, su riƙa juya keken jan ruwa mai jeren tukwane. Wasu shanun a sama su ƙarasa fito da ruwan. Sunanta Rijiyar Yusuf. Ba ta da ado ko kaɗan, amma ran da aka rufe ƙofa ita ce rayuwa.

A wannan tudun ne kuma Mansa Musa, sarkin Mali, ya gana da Sultan Nasiru Muhammadu a 1324, kan hanyarsa ta zuwa aikin hajji. Ya yi kyautar zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwar Alƙahira. Masanin nan Al-Umari ya rubuta cewa bayan shekara 12 ma ba ta farfaɗo ba. Amma kun san yadda aka ƙare? Da ya dawo daga Makka guzuri ya ƙare, sai da ya ci bashi wurin 'yan kasuwar Masar kafin ya kama hanyar gida. Sarkin zinariya fa!

To 'yan uwa, mu da ke zaune a ƙasar wasu, a Accra ne, Duwala ko Njamena, kan tudu muke. Rana ɗaya za a rufe iyaka, ko kuɗin ƙasa ya karye, ko kaya su maƙale a tashar ruwa. Ranar, babbar riga da bikin kece raini ba za su ciyar da yara ba. Abin da ka ɓoye a gefe, wanda ba ya cikin jari, ba ya hannun masu bashi, kuma uwargida ta san inda yake, shi ne rijiyarka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji magabata.

Kyauta ba laifi ba ce, Allah ya ƙara buɗi. Amma kafin a ɗaga katanga don mutane su gani, a fara haƙa rijiya tukuna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.